Yadda Za Ka Gina Kek Mai Hawa Uku a Gaban Surukarka

Ɗan'uwa, kai ka buɗe baki a gaban matarka da mahaifiyarta, wadda ta zo muku ziyara daga Kano, ka ce, "Kek ai tuwo ne da sukari." Madalla. Yanzu uwargida ta tura maka bidiyon kek ɗin tuffa mai hawa uku, ta ba ka zuwa Juma'a. In ka yi, mutuncinka ya tsira. In ka kasa, wanke-wanke naka ne har bizarka ta ƙare. Kwantar da hankalinka. Ni na bi matakan nan a falat ɗinmu na unguwar Karama, nan ƙasar Larabawa, kuma na yi maka alkawarin za ka ga sakamako, ɗari bisa ɗari.

1. Samo yanayi
Baturiyar bidiyon ta ce kek ne na lokacin sanyi-sanyi, da ganye ke zuba. A garin nan ko bishiya ba ta da izinin zubar da ganye. Saboda haka ƙure AC, ka sa rigar sanyi, ka barbaɗa busasshen zogalen da Hajiya surukarka ta kawo tsaraba a ƙasan kicin. In ta tambaya, ka ce haka suke yi.

2. Yanka tuffa
Guda shida. Na sani, a gida sai ka kwanta asibiti ake kawo maka biyu a leda. Daure. Kada dai Hajiya ta ga kana shirin kai su wuta, salatin da za ta saka har hawa na tara sai an ji.

3. Kwaɓi
Bar sikeli, na waɗanda ba su yarda da idonsu ba ne. Yaushe ka ga an auna tuwo? Zuba fulawa har zuciyarka ta ce ya isa, sannan ka ƙara. Ƙwai, bota, sukari, kirfa. Babu bekin foda? Kanwa na nan, duk tashi ne. Ɗauko muciya ka tuƙa kamar namiji.

4. Gashi
Fara fito da tukwane da takardun haya daga obin ɗin, don shekara uku sito ne. In na'urar gobara ta fara kuka, kek ya nuna ke nan. Mai gadi zai hau yana haki, "Khalas, habibi, khalas!", wato ya isa haka. Ka ce masa shwaiya shwaiya, wato a hankali, ka rufe ƙofarka. Masu hikima sun ce ba a girki babu hayaƙi.

5. Gini
An ce a jira ya huce kafin a shafa kirim. Jira na marasa zuciya ne. Shafa, ɗora, shafa, ɗora. Hawa na biyu zai fara sulalewa ya nufi Sharja, garin da ke maƙwabtaka da mu. Yi maza ka kira maƙwabcinka Mubashir injiniya. Zai zagaya tebur sau biyu ya ce, "Malam, wa ya ba ka izinin wannan ginin? Ko fandisho babu!" Ba shi tsinken tsire huɗu ya kafa ginshiƙai, ka rantsar da shi kada maganar ta kai masallaci.

6. Gabatarwa
Ɗauka zuwa falo. Dole ka durƙusa, surukarka ce, kuma a wannan durƙuson benen zai zube ya zama malmala ɗaya. Kada ka ɗago kai. Uwargida tana bakin ƙofa, ta riga ta riƙe soso da sabulu. Hajiya za ta wanke hannu, ta yi bismillah, ta zare tsinke, ta gutsura. Za ta daɗe tana taunawa. Wallahi a nan za ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige. Sai ta ce, "Allah ya yi albarka, Baban Ramlat. Tuwon ya tuƙu. Ina miyar?"

Sanarwa: Sakamako na yi alkawari, ban ce wane iri ba. Babu ruwana da haƙorin kowa, ko zogalen Hajiya, ko sunan da za a laƙaba maka a Kano. Mai ƙorafi ya same ni a bakin famfon kicin bayan kowane cin abinci. Bizata saura shekara biyu.