Nomau da Akori-kurar Surukinsa

A wani ƙauyen manoman albasa akwai wani bawan Allah, Nomau, wanda duk abin da aka faɗa masa haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Yana zaune da matarsa Lantana da wata tsohuwar akori-kura da mahaifinta ya bari. A motar aka kai ta ɗakin miji, har yau kuma in ta wuce sai ta shafa gefenta. Yayanta Isuhu ne mai iko da motar, Nomau direba. Matsalar ɗaya ce: shan mai kamar raƙumi ya samu rijiya. Isuhu ya rantse in ba ta rage ba, zai sayar wa masu gwangwan su yanka ta. Ranar Lantana ko tuwo ba ta ci ba.

Wata rana Isuhu ya ce, "Nauyi ne ke sa ta shan mai. Duk abin da za ta iya tafiya babu shi, cire shi." Nomau ya kwance ƙofofi, ya cire kujerarsa ya dasa turmi, ya sauke buhunan albasa, ya isa kasuwa fayau. Isuhu ya dafe kai. "Ina albasar?" "Ai ta tafi babu ita, Yaya." "To wannan kujerar ta gefe fa?" Nomau ya sunkuyar da kai. "Ta Lantana ce. Ban gwada ba."

Wata rana kuma Isuhu ya ce, "Duk inda ka tsaya, kashe inji." Isuhu ya manta batirin ya daɗe da mutuwa, sai an tura take tashi, ga Nomau ba ya wuce babba bai tsaya ya gaishe shi ba. Ya gai da liman, liman ya tura. Ya gai da mai unguwa, mai unguwa ya tura. Kafin mako ya zagayo, dattawan garin da sun ji ƙarar motar sai su faɗa zaure mafi kusa.

Wata rana haƙurin Isuhu ya ƙare. "Gobe ka gano mini inda man nan yake zuwa. In ba haka ba, da la'asar zan zo da mai saye." Washegari ranar kasuwa ce, amma Nomau ko makulli bai taɓa ba. Ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin motar, ya kwanta ya ƙura wa tanki ido. Lantana ta kawo masa koko, ta durƙusa.

"Malam, me kake yi?"

"Jiran mai nake. In zai tafi, ai ta nan zai bi."

Ta share hawaye da bakin mayafi, ta zauna tana yi masa fifita.

Da la'asar sai ga Isuhu da mai gwangwan, guduma a kafaɗa. "Kai, sakaran banza! Kasuwa ta watse kana kwance?"

"Yaya, yi a hankali, kada ka firgita shi. Ga shi nan yana fita. Ba kasuwa yake zuwa ba, ƙasa yake shiga."

Isuhu ya leƙa. Daga wata 'yar huda a gindin tanki, ɗigo ya taru, ya faɗo. Wurin ya yi baƙi, ko ciyawa ba ta fito ba. Isuhu ya miƙe, ya ce wa ƙanwarsa ta kawo sabulu a liƙe kafin a kai wa mai walda. Mai gwangwan ya saɓa gudumarsa ya tafi yana tsaki.

Lantana ta shafa gefen motar. Ta hau kujerarta ta gyara mayafi, Nomau ya hau turminsa.

"Wa zai tura?" in ji shi.

Isuhu ya duba hagu ya duba dama, titi ba kowa. Ya naɗe hannun riga.