Darakta Saboda Bishiya

Ruwan sama na watan jiya ya karkato da tsohuwar bishiyar malaina da ke bakin titi, ta tsaya cak a saman kwanon gidan maƙwabcina, Baba Leonard, tsohon malamin firamare. Daidai ƙasanta ɗakin jikokinsa yake. Bishiyar ta hukuma ce, kuma a garin nan mutum zai iya mutuwa a ƙarƙashin bishiyar hukuma ba tare da izini ba, amma ba zai iya sare ta ba.

Ranar Talata da safe ya sa rigar zuwa coci ya nufi ofishin da ke ba da izinin. Mai gadi ya tare shi.

"Baba, yanzu ba a shiga haka. Sai ka buga waya."

"Ga ni, ga ofishin."

"Shi ne na ce ka buga."

Ashe Masu Girma sun kawo ci-gaba. An sayo wata manhaja daga waje wadda daga kwamfuta ɗaya take raba wa kowane ma'aikaci layi da lamba, ta haɗa wayar tebur da ta hannu, ta san wanda yake kujera da wanda ya fita. A ofishin da ba a taɓa samun kowa a kujera ba, wannan ba ƙaramin ilimi ba ne.

Baba Leonard ya tsaya a jikin katanga ya buga. Wata murya mai daɗi ta fara gaishe da Mai Girma Shugaba, da Uwargidansa, da Mataimaki, da Mataimakin Mataimaki, da tsofaffin shugabanni masu rai da waɗanda suka huta. Tana kan sarautar gargajiyar wani darakta katinsa ya ƙare. Ya sa wani. A karo na biyu ya jure har aka ce ya danna ɗaya. Wayar ta yi ta ƙara, ta yi shiru, ta sake ƙara, kamar mai neman gida a unguwar da bai sani ba. Babu wanda ya ɗauka.

Ranar Lahadi bayan sujada ya kama Afiniki, 'yar mawaƙan cocinsu, wadda ita ce ke kula da manhajar a ofishin.

"'Yata, wannan waya naku aljani ne a ciki?"

"Baba, wayar lafiyarsa ƙalau. Oga ya ce babban mutum ba ya ɗaukan waya da kansa, in tura kiransa wa mataimaki. Mataimaki ya ji, shi ma ya ce shi ba yaro ba ne. Haka har ƙasa."

"To na ƙasan fa?"

"Ya ce wane shi ya yi magana da jama'a Oga yana raye. In tura wa Oga."

Wato kiran Baba Leonard tun ranar Talata yana zagaya ofishin, yana gaishe da kowa.

Afiniki ta tausaya masa. Ta ce layin cikin gida ba ya bi ta gaisuwar, za ta buɗe masa ɗaya a wayarsa. Sai dai manhajar ba ta ba mutum layi sai an rubuta muƙaminsa, kuma Oga ya sa an goge duk muƙamin da bai kai darakta ba, don kada baƙi su raina ofishin. Haka Baba Leonard ya wayi gari Daraktan Itatuwa na Musamman.

Bai kai ga kiran kowa ba, wayarsa ta fara ruri. Manhajar, baiwar Allah, ta lura cewa a duk ginin lamba ɗaya ce ake ɗauka, sai ta juyo da komai can. Mai kukan kwalbati daga Zangon Kataf, mai neman takardar fili, wata mata da akuyarta ta faɗa ramin da aka haƙa aka manta. Ya saurari kowa, ya ba da haƙuri, wasu har ya yi musu addu'a.

Matarsa Rosemary ce ta gaji. Ta karɓe wayarsa ta ajiye a gabansa, ta buga lambar ofishin da tata.

"Darakta, bishiya zai kashe mini jikoki. A sare ko kar a sare?"

Ya gyara zama. "Gwamnati ta ji kukanki, Mama. A sare."

Kafin la'asar masu inji sun kwantar da ita, yara suna wasa a kan kututturen.

Labari ya kai sama cewa akwai wani darakta da ke ɗaukar waya, har jama'a sun fara sa rai. Aka yi taron gaggawa. Korarsa ta gagara, domin ba a ga inda aka ɗauke shi aiki ba, kuma babu wanda ya yarda ya ce bai san shi ba. Wani ma ya rantse ajinsu ɗaya a jami'a. Daga ƙarshe aka yanke masa hukuncin da ake yi wa duk mai ƙwazo: canjin wurin aiki zuwa can ƙauye, Kauru, aka kuma mayar da layinsa can.

Jiya na gan shi a ƙofar gida yana ɓare gyaɗa, wayar tana gefe shiru. A cikin manhajar kuwa ya kama aiki a Kauru tun Litinin, kuma tunda bai ɗauki kira ko ɗaya ba, an ce ya fara gyaruwa.