Nomau da Ƙaiƙayin Matarsa

Nomau ɗan ƙanena ne. Uwarsa ta rasu yana goye, ni na rene shi, don haka ba wanda zai gaya mini halinsa. Ƙarfi gare shi kamar bajimi, ba ya ƙarya, ba ya musu. Aibinsa ɗaya ne. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Gida ɗaya muke a Tungar Maje, ni da shi da matarsa Shatu, da yayyensa biyu da iyalansu.

Shatu ta yi ɓari sau biyu. Ciki na uku ya kai wata bakwai, ni kuwa ungozoma ce, rabin garin nan a hannuna suka faɗo. Na ɗaura niyya cewa wannan ɗan sai na riƙe shi da ransa, in Allah ya yarda. Ana nan sai fatarta ta bushe ta soma ɓarewa, ƙaiƙayi ya kama ta a wuya da bayan gwiwa da fatar ciki. Tana susa har jini. Ba barci, ba cin abincin kirki, sai ramewa. Na kira Nomau na ce daga yau ni da shi ne a kan aikin nan.

Wata rana zan tafi duba wata mai jego, na ce masa kada ya bari farcen Shatu ya taɓa jikinta. Ya ce to. Ya zauna gabanta ya riƙe hannayenta biyu tun hantsi. Ta ce tukunya na ƙonewa, ya ce ta ƙone. Da ta soma kuka saboda ƙaiƙayi, tausayi ya kama shi, ya yi tunani irin nasa, ya haɗa hannayenta a hannunsa ɗaya, ya ɗauko totuwar masara da ɗayan. Na dawo na tarar yana gurzar bayanta kamar mai wankin turmi, wurin ya yi jawur.

Na ce, "Kai Nomau, me na gaya maka?"

Ya ce, "Farcenta kika ce, Gwaggo. Wannan totuwa ce."

Na ƙwace na jefa murhu. Na yanke mata farce ƙut, na jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa na nuna masa yadda ake ɗorawa a wurin, ba gogawa.

Wata rana na narka man kaɗe mai kyau, wanda ba a haɗa shi da komai ba. Na ce ta riƙa wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba soso, ba daɗewa. Shi kuma ya shafa mata man a baya kafin jikinta ya bushe. Kwana uku yana tsaye ƙofar banɗaki da kwano a hannu kamar dogari, fatar kuwa ta soma laushi. A rana ta huɗu akuya ta tsinke, ya bi ta. Kafin ya dawo Shatu ta sa kaya, tana zaune da ƙawayenta biyu da suka zo gaishe ta. Ya taɓa hannunta ya ji a bushe. Ya ɗauko bokitin ruwa ya sheƙa mata tun daga ka. Baƙin ma suka sami rabonsu, har da furar da aka dama musu. Shatu ta tashi tana ɗiga, ta kira shi sunayen da ba zan rubuta ba. Shi ko sai miƙo kwanon yake, yana cewa ta tsaya ya shafa, yanzu ga ta a jiƙe.

Wata rana na lura duk ranar da ta yi wanka da jan sabulun da ƙanwarta ta aiko, ƙaiƙayin ya fi tashi. Na ce wa Nomau duk sabulu mai ƙamshi a fitar da shi daga gidan nan. Na shiga salla. Ya bi ɗaki ɗaki yana sansanawa. Ya kwashe na matan yayyensa, ya buɗe akwatin lefen 'yar yayansa ya kwashe nata, ya tara a faifai ya ajiye bakin hanya. Masu dawowa daga rafi suka zaci sadaka ce, kowa ya ɗauka ya yi wa gidanmu addu'a. Gida ya kaure da hayaniya. Na tsaya tsakar gida na ce ni na sa shi, duk mai magana ta zo ta yi da ni, sabulu ba zai fi ran ɗa ba. Kowa ya watse. Sai da na koma ɗaki na tarar da adakata a buɗe. Sabulun da wata ƙawata ta kawo mini daga Makka, wanda na ɓoye shekara tara don ranar da za a yi mini wankan ƙarshe, shi ma ya bi faifai. Na rufe adakar. Ban gaya wa kowa ba.

Wata rana muka kai Shatu awo ƙaramin asibitin da ke garin gaba. Malamar asibiti ta duba fatar, ta ce a ci gaba da man kaɗe, a sa mata tufa mara matsi. Sannan ta dubi Nomau ta ce, in ƙaiƙayin ya sauko tafin hannu da tafin ƙafa, ya kawo ta nan take, yadda take, kada ya jira kowa. Yarinyar da a haife na haifi uwarta. Don dai kada a ce ba ni da ladabi, na ce masa, ka ji abin da ta ce.

Bayan kwana biyar, ranar kasuwa, na ga Shatu tana goga tafin ƙafarta a gindin turmi, tana murza hannayenta. Ba ƙurji, ba komai. Na ce zafin jiki ne. Na kwaɓa lalle, na zaunar da ita a tabarma, na ƙunsa mata hannu da ƙafa, na ɗaure da leda da tsumma. Nomau ya shigo daga gona, ya tambaye ta ina ke yi mata ƙaiƙayi yau. Ta faɗa masa. Ya juya ya fita, ya dawo da baron da yake kai taki. Ya sunkuce ta har da tabarmar ya saka ciki.

Na ce ya sauke ta, ba a kai mai ciki kasuwa a baro. Ya kama hannun baro. Na ce to ya bari a kwance lallen, in ɗauko mayafina.

Ya ce, "Malamar asibiti ta ce yadda take, kada in jira kowa."

Na ce, "Har da ni, don ubanka?"

Ya ce, "Ba ta cire ki ba, Gwaggo. Ke kuma kika ce in ji."

Tun da na rene shi ban taɓa ganin ƙeyarsa ina magana ba sai ran nan. Ya ratsa tsakiyar kasuwa a guje, ƙafafun Shatu a sama cikin baƙar leda, ta rufe fuska da zane don kunya. Mahauta suna tambaya nawa kilo. Ni ina biye da takalmi ɗaya, ina rantsuwa sai na karya masa muciya a baya.

A asibitin malamar ba ta yi dariya ba. Ta sa aka miƙa mu babban asibiti, aka ɗebi jini. Likita ya ce wannan ƙaiƙayin daban ne da na farko. Ba daga fata yake ba, daga hanta ne, kuma yakan taɓa ɗan da ke ciki ba tare da wata alama ba. Na tambaye shi ko lalle yana maganinsa. Ya ce a'a, Iya. Na ce in da an bari sati ɗaya ko biyu fa? Ya yi mini wani irin kallo, ban sake tambaya ba.

Suka riƙe ta suna ba ta magani, suna sauraron cikin safe da yamma. Kafin watanta ya cika suka ce lokaci ya yi. Ta haifi 'ya mace, ƙarama amma da ƙarfin murya, lallen bai ma gama fita daga ƙafar uwar ba. Aka miƙo mini ita da ranta, na riƙe.

Ni ban taɓa ba ɗan da na rena haƙuri ba, ban kuma fara a ranar ba. Da muka dawo gida na sa aka yanka babbar kazata, na soya da hannuna, na ajiye gabansa. Na ce kada ya ba kowa, ya cinye duka. Ya kuwa cinye, har ƙashi.