Rasuwar Mai Gadin Iskar Ɗakin Kaka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai mai cike da ruɗu, ni Kirago, jikan Kaka Nyokabi ta Kinangop, can kan tsaunuka masu sanyi, nake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar na'urar da ke gadin iskar ɗakinmu. Ta cika ranar Talata da hantsi, rataye a ƙusarta, tana da shekara bakwai.

Marigayiya ba ta da surutu. In iska ƙalau take, sifiri kawai za ka gani a 'yar fuskarta. In Kaka ta shigo da kaskon gawayi ta rufe ƙofa saboda sanyi, sai lamba ta fara hawa: talatin, saba'in, ɗari. Ni da na bar makaranta a aji shida, shekara guda na yi ina zaton ɗumin ɗaki take aunawa, har murna nake in ta hau. Sai da wata malamar asibiti ta ce mini guba take ƙirgawa, wadda ba ta da wari balle launi.

Kukanta na haɗari huɗu ne a jere, tit-tit-tit-tit, ta numfasa, ta sake. Shi kaɗai ya taɓa sa Kaka buɗe taga. Ni in na yi magana sai ta ce, “Kai da ba ka taɓa wata uku a aiki ɗaya ba, kai za ka koya mini gawayi? Na barbaɗa masa gishiri, ya yi ja, ba hayaƙi. Gubar daga ina?” Amma da marigayiya ta tsala ihu, Kaka za ta miƙe tana mita ta tura tagar.

Jinyarta ta fara da 'yar shessheƙa, tit, kowane rabin minti. Sau uku na sauya mata batir. Na hure mata ƙura, na shanya ta a rana. Da ta nuna wasu haruffa uku, na ruga da ita wajen Gitau mai gyaran waya. Ya duba ya ce, “Abokina, ‘ƙarshe’ ta rubuta da Turanci. Hancinta ne ya tsufa, ba ya gyaruwa.” Na zaga shagunan garin nan kaf, babu irinta.

Ta rasu ta bar Kaka, da kasko, da rabin buhun gawayi, da sanyin Yuli da ko tsakiya bai kai ba. Ta bar ni, da zan kama aikin kwandasta a Nakuru ranar Litinin.

Na so in bar gawar a bango, amma Kaka za ta ji shiru ta ce lafiya lau. Na sauke ta, Kaka ta ce an huta. Na rasa wanne ya fi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a bayan rumbun dankali. Ba a karɓar furanni. Mai son yi mana ta'aziyya ya biyo da yamma, lokacin hura gawayi, ya tura tagar Kaka daga waje, ya ɗan tsaya. In ta zage shi, ya gode wa Allah ya wuce. In ya ji shiru, don Allah ya ɓalle ƙofar.