Rasuwar Amariya, Injin Buga Sanƙira

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Waliyyu Jega, tsohon malamin firamare kuma mai jaridar Sanƙira, yana sanar da jama'ar Jega da Aliero da Maiyama rasuwar injinsa na buga takardu, wanda aka fi sani da Amariya. Ta cika ranar Laraba da hantsi, hannunsa yana kan mariƙinta.

Ba a san shekarunta ba. Ta yi ƙuruciyarta a wani ofis tana buga sanarwar da ba mai karantawa, har shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi aka yi gwanjonta. A bayan akori-kura aka kawo ta lulluɓe da zane, shi ya sa ta sami sunan. A lokacin jaridun birni sai sun kwana uku a hanya, in sun iso kuma ka karance su tas ba ka ga Jega a ciki ba. Amariya ce ta share mana hawaye. Duk mako takan fitar da falle ɗaya, gaba da baya: gadar da ruwa ya ci, tsutsar da ta faɗa wa albasar Aliero, wanda ya haihu, wanda ya kwanta dama.

Marigayiyar ba ta san lantarki ba, balle ta yi fushi in an ɗauke. A shafa mata tawada, a juya, sai ka ji "ƙwaram-tas, ƙwaram-tas". Aibinta guda, ba ta bar wa Malam farar riga ko ɗaya ba. Doka kuwa ɗaya suka kafa, ita da Malam: sunan mutum ba ya shiga Sanƙira sai don suna, ko aure, ko cigiya, ko mutuwa. Masu neman a yabe su sun zo sun koma.

Dokar nan ba wanda ta cuta kamar Yari, mai kai jarida. Shekara shida yana taka keke daga Kimba zuwa Gumbin Kure, rana da ruwa. Bai iya karatu ba, amma ya sa Malam ya nuna masa yadda ake rubuta sunansa, kuma duk mako sai ya bi shafin da yatsa ko zai gan shi. An raɗa masa suna tun kafin a san jarida, aurensa ya tsufa, ba shi da abin da zai ɓata. Ya taɓa kawo cigiyar akuyar da bai mallaka ba, Malam ya kore shi da dariya, ya ce ya kwantar da hankalinsa, ranar da ya mutu shafin farko nasa ne. Yari ya ce ya riƙe alkawari.

Wasa ne, sai ya zama gaske. Ranar Litinin Yari ya rasu bayan zazzaɓin kwana huɗu. Malam ya dawo daga maƙabarta ya tsara shafin, harufan sunan manya yadda ko daga nesa za a gane. Ranar Laraba ya ɗora wa Amariya. Ta ce "ƙwaram", ba ta kai ga "tas" ba. Haƙorin cikinta ya karye, takarda ta fito fara fat. Barau makaniki ya buɗe ta, ya rufe, ya ce irin wannan haƙori ko a Sakkwato an daina ganinsa.

Malam ya san ba a yi wa ƙarfe kuka, amma ya yi. Abin da ke cin ransa shi ne shekara shida yana da tawada da takarda, ya hana bawan Allah layi ɗaya.

Ta rasu ta bar tafireta mai ɗingishi, da rabin gwangwanin tawada, da takardu ɗari biyu da ba a taɓa ba, da masu tsire da ƙosai waɗanda suka saba gadon tsofaffin bugu don ƙunshi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar a zauren Malam. Ba za a kai ta maƙera ba, za a lulluɓe ta da zanen da ta zo da shi. Ba a bukatar goro. Duk mai zuwa gaisuwa ya taho da alƙalami, ya ɗauki falle ɗaya ya kwafe abin da Malam ya rubuta a kan allo, ya kai garinsu da kansa, tunda mai kaiwar ba ya nan. Layin ba shi da tsawo:

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. YARI, mai kai Sanƙira, ya rasu. Allah ya jiƙansa.