Yadda Za Ka Ɓoye Wa Mahaifinka Cewa Kana Mayar Da Kifi Ruwa

Kai da ka ƙarar da ƙuruciyarka a jami'a kana karatun kifi, yanzu ka samu aiki a tashar bincike a bakin tafki, matso kusa. Na san damuwarka. Ba rana ba ce, ba sauro ba ne. Mahaifinka ne, wanda har yau ya kasa gane yadda mutum mai cikakken hankali zai kama kifi, ya auna shi, ya maƙala masa 'yar roba a baya, sannan ya sake shi cikin ruwa ya dawo gida hannu rabbana. Kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbacin aikinka ba zai suɓuce maka ba. Na gwada su a kan Auta, ɗan ƙanwata, ga shi nan har gobe yana aikinsa. Masu cewa ba dabarata ce ta yi ba, hassada ke damunsu.

Mataki na 1: San abin da ke gabanka

Kada ka fara gudu ba ka san abin da ya koro ka ba. Ɗauki misalin Auta. Babansa yana da shagon fenti da ƙusa, irin wanda in ka shiga sai ka bi ta gefe saboda bokitai. Yayyen Auta duk sun watse, kowa ya kama gabansa. Tun Auta yana aji ɗaya a jami'a Baba ya sa kafinta ya yi kujera ta biyu, ya ajiye ta bayan kanta, kullum yana goge ta, ba ya barin kowa ya zauna. Ni kaina na taɓa zama sau ɗaya, kallon da ya yi mini ya sa na tuna ina da uzuri a wani wuri.

Da Auta ya shekara yana aikin tafki, Baba ya kira shi ya ce zai zo ya gani da idonsa, gani ya kori ji. In aiki ne na gaske, to, Allah ya taimaka. In kuwa wasa da ruwa ne, ya tattara ya dawo kujerarsa. Auta ba ya musu da mahaifinsa. In Baba ya ce dawo, zai dawo, sai dai zuciyarsa ta zauna can a bakin ruwa. Yaron nan yana son kifi so na tsakani da Allah, har ba ya iya cin abinci ranar da aka ce ruwan tafki ya yi baya.

Mataki na 2: Nemi ƙwararre

Kada ka je wurin abokan aikinka, su gaskiya za su ce ka faɗa, kuma gaskiya tana da lokacinta. Nemi kawu irina, wanda ya yi ayyuka iri-iri a rayuwa, kowanne kuma ya bar shi kafin a gane bai iya ba. Wannan shi ake kira gogewa.

Mataki na 3: Sauya wa aikin suna

Kalmar kifi ita ce abokiyar gabarka. Da ka furta ta, tsoho ya hango tire a bakin titi da ƙudaje. Alhali fannin nan naku cike yake da muƙamai, sai dai ba ku iya yi musu ado ba. Mai duba lafiyar ruwa ya zama babban jami'in muhalli. Mai kula da ƙyanƙyasar kifi ya zama manajan haihuwa. Mai zagayawa yana duba ko idon ragar masunta ya yi ƙanƙanta ya zama sufeto. Shi kuwa Auta, da aikinsa ƙirga kifi da bin girmansu, na raɗa masa Darakta Mai Kula Da Ƙidayar Mazauna Ruwa.

Auta ya ce shi ba darakta ba ne, su uku ne ma kacal a sashensu. Na ce masa darakta ba yawan mutane ba ne, yadda ake ɗaga gira ne. Na sa ya yi ta maimaita sunan a gaban madubi har ya daina dariya a tsakiya.

Mataki na 4: Yaƙi ƙarni

Za ka iya ɓoye takalmin roba, ka ɓoye raga, ka ɓoye sikeli. Ƙarni ba ya ɓoyuwa, shi yake riga ka shiga ɗaki ya yi sallama. Mahaifiyar Auta ta daɗe da ware masa bokitin wankinsa daban, kuma kyanwar maƙwabta ta san ƙarar babur ɗinsa tun daga kwana. Saboda haka ka yi wanka da sabulu kala biyu, ka goga lemon tsami a hannu, ka fesa turare har idonka ya kawo ruwa. In ka wuce kyanwa ba ta ɗago kai ba, ka ci jarrabawa.

Mataki na 5: Ari ofis, ari kwat

Wurin zaman Auta na gaskiya wani benci ne a ƙarƙashin rumfar kwano, tsakanin tankunan ruwa da injin ba su iska mai gurnani kamar tsoho yana barci. Wannan ba wurin kai uba ba ne. Mun yi sa'a shugaban tashar ya tafi taro, sai muka lallaɓi masinja ya buɗe mana ofishinsa: tebur mai gilashi, fanka, kujera mai juyawa, da labule mai kauri wanda na ja da kaina don kada tafkin ya leƙo.

Na ara wa Auta kwat ɗina ruwan toka, wadda ba ta fita sai babban sha'ani. Hannun ya ɗan gaza masa, amma na ce ya riƙa naɗe hannuwa a ƙirji, haka manya suke yi. Masu cewa kayan aro ba ya rufe katara ba su taɓa ganin kwat ɗina ba.

Saura abokiyar aikinsa, wata mai kaifin baki da suke kira Uwar Sikeli, don ita ke auna kifi kuma ba ta yarda kowa ya taɓa mata sikelin. Ta ƙare mana kallo ta ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Na ce mata mu ba rami muke haƙa ba, ofis muka ara. Ta yi tsaki ta shiga kwalekwale tare da masuntan da suke taya su jan raga, muka rabu a kan ba za su dawo ba sai Baba ya tafi.

Mataki na 6: Ranar ziyara, zauna daram

Sirrin babban mutum shi ne rashin motsi. Kada ka tashi, kada ka yi gumi, kada a ga ƙasa a farcenka. Ka riƙa juya biro, kana kallon bango kamar kana tunanin makomar ƙasa.

Baba ya iso da safe cikin wankakkun kayansa, da ɗigon fenti shuɗi a gefen takalmi wanda ba ya fita. Auta ya gaishe shi, ya ba shi kujera, ya karanto muƙaminsa ba tuntuɓe. Na ji daɗi har na gyara zama. Baba ya dubi fanka, ya dubi labule, ya shafa gilashin tebur da yatsa ya duba ko akwai ƙura. Ya tambaya me ake yi da safe, Auta ya ce nazari. Da rana fa? Nazari. Shi kuwa Auta gumi yana bin bayansa cikin kwat, kunnensa yana can waje wurin gurnanin injin tankuna, don tun ɗazu ya ji kamar sautin ya sauya, ga shi ba damar tashi.

Mataki na 7: In reshe ya juye da mujiya, kada ka nuna

A nan ne na gane akwai abin da ban sa a lissafi ba. Baba mutum ne da ya yi rayuwarsa yana sauke buhu yana gauraya fenti. A wurinsa mutumin da hannunsa ya yi laushi abin tausayi ne. Ya numfasa, ya dubi ɗansa da idon jinƙai.

"Ashe zama kawai kake yi, Auta. To in dai zama ne, ai kujerarka ta shago ta fi wannan ƙwari, kuma can ina ganinka. Ka gama watan nan ka dawo gida."

Auta ya ce to, Baba. Ya sunkuyar da kai. Mun gudu daga gidan gara mun faɗa gidan zago. Shawarata a irin wannan hali ita ce ka dubi fanka, ka yi kamar ba kai ka kawo dabarar ba. Haka na yi.

Mataki na 8: Kada ka bari kwalekwale ya dawo da wuri

Wannan matakin Uwar Sikeli ce ta karya shi, ba ni ba. Muna cikin haka sai muka ji muryarta daga bakin ruwa tana ƙwala wa Auta kira, wai ya fito da gudu, Mai Ɗan Kunne ya shigo raga.

Mai Ɗan Kunne wani giwan ruwa ne. Shi ne kifi na farko da Auta ya maƙala wa alama da hannunsa, tun yana ɗalibi ya zo koyon aiki, lokacin kifin bai wuce tsawon tafin hannu ba. Auta bai gwanance ba a lokacin, sai ya maƙala 'yar jar robar a karkace kusa da kai, ta yi kama da ɗan kunne. Tun da aka sake shi ba a sake jin ɗuriyarsa ba, har an ɗauka wani ya daɗe da miya da shi.

Auta bai san lokacin da ya tsallake tebur ba. Darakta Mai Kula Da Ƙidayar Mazauna Ruwa ya banke labule, ya fita a guje, ya faɗa tafki har ƙugu. Da kwat ɗina a jikinsa. Na bi shi ina kiran sunan kwat, Baba yana biye da ni.

Mataki na 9: Duk rintsi, kada ka ba mahaifinka riƙon kifi

Kifin ya zama ƙato, ya kai tsawon hannun babban mutum har da ƙari, yana ta fizge-fizge yana watsa wa kowa ruwa. Irin wannan aiki da sauri ake yin sa, kifi ba ya jure daɗewa a waje. Masunta sun jawo raga bakin gaɓa suna riƙe da ita, Uwar Sikeli tana fama da sikelinta, ana neman hannu guda. Auta bai ko ɗago ba ya ce a jiƙa hannu tukuna, busasshen hannu yana ji wa kifi ciwo, a tallafe cikinsa, kada a matse. Sai da ya ga ɗigon fenti shuɗi a kan takalmin da ya shigo ruwa kusa da shi, sannan ya gane wa yake ba umarni.

Baba ya jiƙa hannu. Ya tallafi kifin kamar yadda ake karɓar jariri. Auta ya shimfiɗa awo, ya faɗi tsawo, aka ɗora a sikeli, ya ciri ɓawo ɗaya daga jikin kifin ya ɗaga wa Baba a hasken rana, yana bayanin cewa akwai zobba a jiki da ke nuna shekarunsa da lokacin da ya sha wuya. Murna ta cika masa fuska. Baba bai kalli ɓawon sosai ba. Ɗansa yake kallo, wanda ɗazu yake zaune kamar an yi masa rasuwa.

Da aka gama, Auta ya ce a sauke shi cikin ruwa a hankali. Baba bai saki ba.

"Yanzu duk wannan girman da ya yi, haka nan za a sake shi?"

"Ai da ban sake shi tun farko ba, Baba, da bai yi girman ba. A tanki iya tanki yake tsayawa."

Baba ya daɗe a sunkuye, ruwa yana kaɗa masa ƙafar wando, kifin yana motsi a hankali tsakanin tafukansa. Ya tambaya ko zai sake dawowa. Auta ya ce ba a sani ba, amma wani lokaci suna dawowa, ga shi yau ya gani. Baba ya buɗe hannuwansa. Kifin ya tsaya cak na ɗan lokaci, sannan ya kaɗa wutsiya ya nutse.

Baba ya fito yana matse wandonsa, bai dubi kowa ba. Sai da ya kai bakin ƙofar tasha ya juyo.

"Ka riƙa zuwa gida ranar hutu. Uwarka ta gan ka, ni kuma in auna ka in ga ko kana girma."

Kujerar shago kuwa, ya ce ai ba za ta zauna banza ba tunda ga kawun Auta ba ya aikin fari balle na baƙi. Daga kanta nake rubuto maka wannan, tsakanin bokitin fenti da kwalin ƙusa.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya bi su ne a kan ra'ayin kansa. Ba ruwana in shugabanka ya dawo daga taro ya tarar da labulensa a ƙasa. Ba ruwana in mahaifinka ya koma zuwa tasha duk mako da takalmin roba da ya saya wa kansa, yana tambayar ko an ga Mai Ɗan Kunne, yana gyara wa Uwar Sikeli riƙon kifi. Ban da alhakin mura, ban da alhakin ƙarni, kuma ba na sake ba kowa aron kaya. Kwat ɗin an wanke ta sau ba adadi, amma har yau in na sa ta na fita, kyanwar maƙwabta ce ke raka ni har bakin titi.