Yaƙin Tanimu da Tsirkiya Lamba Goma Sha Uku

Ku kasa kunne, ya ku ma'abota hankali, ku ji tarihin Sadauki ɗan Sadauki, Tanimu ɗan Barmo ɗan Sallau ɗan Nomau Mai-Gurmi, wanda salsalarsa ta taso tun daga Ƙauran Namoda, ta keta dazuzzuka da tsaunuka, har ta zo ta tsuguna a Unguwar Rogo ta birnin Jos, a gidan haya ciki da falo. Nomau, kakan ubansa, shi ne ya taɓa kaɗa gurmi a ƙofar wani hakimi har hakimin ya aiko masa da riga don ya yi shiru. Sallau ya gaji gurmin, ya zauna a kansa ranar wani suna, ya fashe. Barmo ya bar kiɗa ya koma gyaran rediyo, kuma ba a taɓa jin rediyon da ta shiga shagonsa da tari ta fito da numfashi ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Daga wannan tsatso mai albarka Allah Ya fito da Tanimu, toron giwan makaɗa, gagara-badau mijin Larai, ingarman da ke riƙe da jitar lantarki a ƙungiyar Taurarin Dilimi, masu kiɗan biki da suna.

Abin da ya ɗaukaka sunansa a tsakanin al'umma abu ɗaya ne. In aka fito da amarya tsakiyar fili, sai ya danne siririyar tsirkiya, ya tura ta sama da yatsa, ta lanƙwashe, jita ta saki wani kuka mai tsawo har mata su ɗauki guɗa. Tsirkiyoyinsa kuwa lamba tara ne, sirara kamar gashin wutsiyar doki, masu laushi da ladabi, duk inda yatsa ya ce su je sai su je.

Ana nan cikin aminci da lumana sai fitina ta kunno kai. Labaran, shugaban ƙungiya kuma mawaƙinta, mutum mai tumbi da ƙarancin murmushi, ya dubi Sadauki bayan an tashi daga gwaji, ya yi furucin da ya girgiza daula.

"Tanimu, jitar nan taka ba ta da nama. Da an buga ganga sai ta ɓace, kamar allura a cikin rijiya. Ga shi kana ganin yadda muke matsuwa a mota. Ranar Asabar muna da biki a Gangare. In ban ji murya ba, wallahi kujerarka lasifika zan ɗora a kai."

Tanimu ya haɗiyi wannan magana kamar garwashi. Maimakon ya nemi shawarar manya, sai ya garzaya wurin babban shehin zamani, wato wayar salula, inda ya tarar da wani Bature mai gemu rungume da jita yana zuba bayani. Turancin Tanimu bai wuce na gaisuwa da cinikin tumatir ba, amma ya tsinci abin da ya ishe shi: kaurin tsirkiya shi ne kaurin murya. Baturen ya ɗauko sukundireba ya juya bayan jita zai shiga wani babi ke nan, data ta ƙare. Tanimu ya ce ai an gama, sauran surutu ne. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ya ɗaura ɗamara ya nufi kasuwar Taminus, ya daki teburin mai shago ya ce a ba shi tsirkiyar da ta fi kowace kauri. Mai shago ya hau kujera, ya laluba can saman kanta, ya sauko da wani fakiti, sai da ya hure shi sannan aka iya karanta lambar: goma sha uku. Tun da aka buɗe shagon ba wanda ya taɓa tambayarta. Sadauki ya ɗauki wannan a matsayin hujja cewa maza sun ƙare a garin.

Da mai hankali ne, da a ranar zai ɗaura, ya bar su su kwana biyu su saki jiki. Shi kuwa sai ya ajiye su ƙarƙashin matashi har safiyar Asabar, wai yana son su isa filin biki da ɗuminsu, sai ka ce burodi. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma wa zai gaya wa ɗan Barmo?

Safiyar Asabar, bayan ya karya kumallo da koko da ƙosai kamar yadda mazan jiya ke yi kafin su tunkari abokan gaba, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jera makamai, filaya a dama, sukundireba a hagu, ya kwantar da jita kamar ragon layya, ya ɗaga murya har kaji suka watse.

"Sai ni ɗan Barmo, jikan Sallau! Yau ko ni ko ke!"

Ya datse tsofaffin tsirkiyoyin nan shida a tashi ɗaya, ƙat, ƙat, ƙat, don kada zuciya ta raya masa ja da baya. To, a jikin irin jitarsa akwai wani ƙarfe da tsirkiyoyi ke hawa a kai, wanda masu goge ke kira jaki. Shi wannan jaki ba a kafe yake ba. Tsirkiyoyi na jansa ta gaba, wasu sifirin da ke ɓoye a bayan jita na jansa ta baya, kamar gonar gado tsakanin 'yan'uwa. Da aka sare masu ja ta gaba, sai jaki ya faɗa da baya, ƙwal, ya ɓantare fenti. Wannan ita ce asara ta farko da aka yi a fagen fama.

Sadauki bai karaya ba. Ya zaro uwar tsirkiyoyin, mai kauri kamar wayar birkin keke, ya zura ta, ya ja ta zuwa kan jita. A bakin wuya akwai wani ɗan farin ƙashi mai tsaga shida, kowace tsirkiya da tsagarta. Uwar runduna ta zo ƙofar tsagarta ta tsaya cak, kamar mai ƙiba a ƙofar a-daidaita-sahu, ba shiga ba fita.

"Larai! Miƙo min wuƙa!"

Larai, matarsa, tana bakin murhu tana suyar awara. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Ta yankan albasar? Baban Hanne, yanka ta za ka yi mu huta?"

"Ke dai miƙo. Mata ba su san sha'anin yaƙi ba."

"Ga ta nan, ranka ya daɗe. A dai dawo min da ita da baki."

Ya hau ƙashin nan da gurza, yana gurza yana gumi, har tsaga ta buɗe ta wuce misali, wuƙa kuma ta dakushe har abada. Yana cikin naɗa tsirkiya ta biyu a kunnen da ake murɗa ta da shi, tsininta ya fizge ya shige ƙarƙashin farcen babban yatsansa. Jini ya fito, ɗigo ɗaya, ja wur. Marubuta tarihi sun yi ittifaƙi cewa tun da aka kafa Unguwar Rogo ba a taɓa jin ihun namiji irin na wannan safiya ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Daga nan aka shiga babban gumurzu, wato saiti. Ya murɗa kunnen ta fari har muryarta ta daidaita, ya koma ta biyu. Kafin ya gama da ta biyu, ta fari ta sauka. Ya dawo ya ɗaga ta fari, ta biyu da ta uku suka zube. Ya kai ta shida, ya waiwayo, ya tarar da biyar sun yi ridda gaba ɗaya. Dalili kuwa, duk murɗawar da ya yi, sababbin dakarun nan masu ƙarfin tsiya sai su rinjayi sifirin, jaki ya ƙara ɗaga gindi, 'yan'uwansu su saki. Haka ya yi ta zagaye kamar raƙumin tatsar mai, rana na hawa, jaki na hawa, har jakin ya miƙe tsaye ya tanƙwaro kamar wutsiyar kunama.

A nan ne ya tuna Bature da sukundireba. Ya kife jita, ya buɗe bayanta, ya ga sukurori biyu riƙe da sifirin, ya yi kabbarar cin gari, ya hau su da ɗauri da dukan ƙarfin da ya gada daga kakanni, har kan ɗaya ya cinye, sukundireba na juyawa a banza. Jaki ya ɗan sauko, rabi da rabi, kamar wanda aka yi wa sulhun dole. Sai kuma wuyan jita, da bai taɓa ɗaukar kaya irin wannan ba, ya gantsare kamar bakan maharbi, tsirkiyoyi suka yi sama da katako har ƙadangare zai iya wucewa ta ƙarƙashinsu bai sunkuya ba. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Larai ta zo wucewa da kwano, ta tsaya ta ƙare wa ganimar kallo.

"Sannu, Sarkin Yaƙi. Wannan jita ce ko igiyar shanya? In ka gama ka bar min ita, ina da wanki."

Ana cikin haka sai motar ƙungiya ta iso ƙofar gida tana ta oda. Ya naɗe yatsa da filasta, ya rungumi jita, ya fita da tafiyar ƙasaita irin ta wanda ya ci gari.

A Gangare an kafa rumfuna, an jera kujerun roba, janareta na ruri, mata sun sha ado. Taurarin Dilimi suka ja daga. Labaran na gaba da makirufo, na'urar haɗa sauti a gefen hannunsa, don bai yarda kowa ya taɓa ta ba. A bayansa akwai Bulus mai piyano, mutum shiru-shiru da ba ya rabuwa da aya a baki. Waƙoƙin farko sun wuce cikin rufin asiri, ganga ta rufe abin da ya kamata a rufe, ko da yake duk dannawar da Tanimu ya yi ji yake kamar bakin reza yake dannawa, sababbin tsirkiyoyi kuma na ta saki, kowace na bin hanyar garinsu.

Sai aka fito da amarya. Fili ya buɗe, ganga ta lafa, Labaran ya juyo ya yi kiran da aka saba.

"Ɗan Barmo! Sa ta kuka!"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sadauki ya tako gaba, ya kafa ƙafa, ya danne tsirkiya, ya tattaro jaruntar Nomau da ta Sallau da ta Barmo ya zuba a yatsa ɗaya, ya tura. Tsirkiya lamba goma sha uku ta dube shi, ta matsa kamar faɗin ƙwayar gero, ta tsaya. Abin da ya fito daga lasifika ya fi kama da atishawar akuya. Wani jariri ya fashe da kuka. Amarya ta ɗago kai daga cikin mayafi.

Tanimu ya runtse ido, ya ciji leɓe, ya sa yatsu uku, ya sake turawa har fatar yatsa ta tsage. Saboda idonsa a rufe yake, bai ga hannun Labaran ya sauka kan na'ura ya murɗe layin jita har ƙasa ba, bai kuma ga ya ƙyafta wa Bulus ido ba. Bulus ya tofar da ɓawon aya, ya danna wani maɓalli da ke mai da muryar piyano ta jita, ya ɗora yatsu.

Sai ga kuka ya tashi, mai kauri, mai zaƙi, mai nama, irin wanda Gangare ba ta taɓa ji ba. Guɗa ta kaure. Tanimu ya ɗauka jitarsa ce. A ransa ya ce, ashe Bature bai yi ƙarya ba! Ya durƙusa kan gwiwa ɗaya, ya jefa kai baya, ya yi ta kaɗa wuyan jita yana girgiza kafaɗu, hawayen nasara na bin kumatunsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gwaggo Asabe, yayar uban amarya, tsohuwa mai ƙarfin hali, ta ratsa fili da rawa, ta goge masa gumi da gyalenta, ta kama hannayensa duka biyu ta ɗaga sama kamar na ɗan damben da ya yi kisa. Jita na rataye a wuyansa, ba mai taɓa ta. Kuka bai tsaya ba.

Tanimu ya buɗe ido. Ya dubi hannunsa na dama a sama, ya dubi na hagu a sama, ya dubi jita, ya waiwaya ya ga yatsun Bulus na yawo, bakinsa na tauna.

"La ilaha illallahu!" in ji Gwaggo Asabe. "Jama'a ku zo ku ga ikon Allah! Ko bai taɓa ta ba kuka take yi! Ɗan nan, wane malami ne ya yi maka wannan aiki?"

Fili ya ruɗe, wayoyi suka yi sama ana ɗauka. Sadauki ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo.

Da aka tashi ana loda kaya a mota, Labaran ya dafa kafaɗarsa, ya yi masa murmushin farko a tarihin zamansu.

"Kujerarka tana nan, Tanimu. Biki biyu aka yi min maganarsu yanzun nan, kowa cewa yake sai da mai jitar nan. Durƙuson nan da ka yi, ka riƙe shi, yana kyau a bidiyo. Kada ka sake ka taɓa tsirkiyoyin nan, ka bar su yadda suke."

Tanimu ya sunkuya zai naɗe wayar da ke haɗa jita da lasifika.

"Wayar fa, Oga? A wace jaka zan sa?"

"Bar ta a gida," in ji Labaran. "Ƙarin kaya ce."